Kofi Mai Tsagaggen Baki

Zuwa ga Sevda, hasken idona, sanyin ƙirjina, furen da ya buɗe a bayan layin dogo ya kunyata duk lambunan garinmu.

Na san ban cancanci ki buɗe takardar nan ba, amma don Allah ki daure ki karanta. An ce mini jibi Alhamis za ki hau motar Jamus, kuma ba da niyyar dawowa ba. Wayyo Sevda! Ina zan sa kaina a garin da babu dariyarki, dariyar nan mai kama da ruwan farko a kan rufin kwano?

Kin tuna ranar da na kai ki gidanmu? Kin sa koriyar rigarki, kin yo banitsa, wainar fulawa da cuku, da hannunki tana ta ƙamshi. Mama ta zuba gahawa a kofunan aurenta masu bakin zinariya, ɗaya gabana, ɗaya gabanta. Da aka zo kanki sai ta miƙa hannu ta taga ta ɗauko wancan kofin mai tsagaggen baki, wanda ke kwana a waje zafi da sanyi, wanda ake ba 'yan ƙabilarku ta Roma ruwa da shi in sun zo faskaren itace. Na gani. Wallahi na gani! Sai na sunkuyar da kai ina ta juya cokali a gahawar da ko sukari ban sa mata ba. Kika shanye, kika yi godiya, kika wanke kofin da kanki, kika mayar da shi taga. A bakin ƙofa kika dube ni sau ɗaya. Wata bakwai ke nan kallon nan yana cin raina.

Sati uku da suka wuce na shiga ƙungiyar unguwa masu yaƙi da wariyar ƙabila, waɗanda ke taruwa duk Laraba a tsohon ɗakin karatu. Sai da na zagaya ginin sau uku kafin ƙafata ta yarda ta shiga. Wa zan tarar a kan kujerar gaba? Gwaggonki Nadka! Ta ƙare mini kallo ta ambaci sunan Mama ta ce, "A'a, ɗan gidan Penka! Ɓatan hanya ka yi, ko faskare ka kawo mana?" Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni kuma don in gyara sai na ɓata, na ce ai ni ban taɓa ɗaukar ku kamar sauran ba. Ta ɗaka mini tawul a kafaɗa ta ce, "Sauran wa? Yi mana shiru, baƙo kunne yake kawowa."

Sannan ta nuna mini wata kanta a jikin bango cike da kofuna, sun fi arba'in, kowanne da tabonsa, kowanne daga tagar wani gida na garin nan. Ashe ƙa'idarsu ke nan: sabon shiga ya kawo na gidansu, kowa ya sha da shi, shi kuma ya yi wanke-wanke. Ta ce, "Ba ma son dogon jawabi. Je ka kawo naku."

A gaban idon Mama na ɗauke shi. Ta ce, "To in mutanen nan sun zo, da me zan ba su ruwa?" Na ce, "Da na aurenki, Mama." Har yau ba ta amsa gaisuwata. Kalma huɗu kacal, Sevda! Me ya hana su fitowa ranar da kike zaune gabana?

Ba na cewa na zama mutumin kirki. Har yanzu koyo nake, ina raka iyaye mata 'yan ƙabilarku makaranta neman a daina ware 'ya'yansu a ajin ƙurya, ina tsaye a baya, bakina a rufe. Amma ranar da na fara shan gahawa da kofin nan na gane abin da ban sani ba. Tsagar tana yankan leɓe. Na ji ɗanɗanon jini a bakina, na fita waje na yi kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ashe haka kika shanye shi tas, kina murmushi, don kada ki kunyata ni a gaban uwata?

Ya ke inuwata, ya ke iskar asubata, ban isa in ce ki fasa tafiya ba. Abu ɗaya nake roƙo: gobe Laraba ki zo, ko da minti goma. Ki zaɓi kofin da ranki yake so, ni zan zuba miki da hannuna. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan daina zuwa ba. Mai tsagaggen bakin dai ya zama nawa, da shi zan riƙa sha duk Laraba, ko kina nan ko kina Jamus.

Wanda ya yi shiru sau ɗaya ya rasa ki, naki har ranar da za a rufe shi da ƙasa,

Kalin