Takardun Malam Inuwa Ashirin da Huɗu da Suka Rage

Zuwa ga Shugaban Kwalejinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙaramin ma'aikaci ga shugabansa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan waɗanda Allah ya sa a ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, ni ne Isyaku mutumin Rano, mai kula da ɗakin littattafan zane na kwalejin nan shekara shida ke nan. Ni ke tattaro abin da ake ajiyewa a ɗakin, ni ne kuma ke ɗaura akwatin littattafai a bayan keke in kai wa makarantu da masu sana'a a ƙauyuka. Sau uku ina rubuto maka takarda ta ofis. Sau biyu ina zama a bencin ƙofarka har akawu ya tashi zuwa sallar azahar ya bar ni. Abin da ake ce mini kullum shi ne ana dubawa. Ban kawo maganar nan jarida don ina son a san sunana ba, Allah ya sani. Na kawo ta ne don motar sito za ta sauke kwali mako mai zuwa, in kuwa kwalin nan ya iso, ba sauran abin da za a duba.

Ga yadda abin yake, daki-daki.

Na ɗaya. A Kibiya akwai wani dattijo, Malam Inuwa mai zanen riguna, aminin mahaifina marigayi. Shi ba ya ɗinki. Shi ne ke zana aska takwas da aska biyu da tambari da dagi a jikin riga da alƙalami, sannan maɗinka su ɗauka su bi layinsa da allura. Tun daga Rano har Fammar, maɗinkin da ya san kansa ba ya sa zare a babbar riga sai Malam Inuwa ya zana. Da ya fara jin hannunsa na rawa, shekaru kamar goma da suka wuce, sai ya yi dabara. Ya zauna tun da sauran ƙarfi ya zana kowane irin aiki da ya iya a takarda marar kauri, ya bi layin nan kaf da tsinin allura yana hudawa, huda kusa da huda. Yanzu in an kawo riga, sai ya shimfiɗa takardar a kai, ya ɗauko garin gawayi da ya ƙulle a tsumma ya riƙa bubbugawa, ko garin alli in rigar baƙa ce. Garin ya bi ta hudojin ya sauka, zane ya fito ɗigo-ɗigo, maɗinki ya ɗauka ya tafi. Takardun guda arba'in da ɗaya ne, a gafakar fata yake ajiye su. Yau ko sunansa ba ya iya rubutawa da alƙalami, da takardun nan yake ci da iyalinsa.

Na biyu. Lokacin da aka ce za a yi baje kolin zanen ƙasarmu a kwaleji, aka ce kowa ya kawo abin da zai fid da mu kunya a gaban baƙi, ni ne na tuna da gafakar nan. Ba wanda ya aike ni. Na hau keke na je Kibiya, na durƙusa, na roƙa. Ya ce, "Isyaku, ɗan Garba ne kai, ba zan hana ka ba. Amma ka dawo mini da su kafin Rajab ya raba, don rigar Salla ba a azumi ake fara ta ba." Na ce da yardar Allah. Ya ƙirga su a hannuna, ya ɗaure gafakar da kansa.

An tambaye ni a ofis, ina takardar shaidar aro? Babu. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, ba baƙo ba. Ka faɗa mini yadda zan zaro takarda in ce wa mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni ya dangwala yatsa. In na yi haka, ai na ce masa ban yarda da shi ba, ko kuwa kada ya yarda da ni. A wurinmu amanar da aka rubuta ta riga ta raunana. Duk abin da ke ɗakin nan da na kawo daga ƙauye, da bakin nan nawa na karɓo shi, kuma har bana ba a taɓa ce mini bakin bai isa ba.

Na uku, kuma wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Rajistar ɗakinmu gida biyu gare ta tun zamanin Baturen da ya buɗe ta: abin da aka saya, da abin da aka ba mu kyauta. Ba gidan aro. Doka kuwa ta ce ba abin da zai kwana a ɗakin sai an rubuta shi. Na tsaya da alƙalami a hannu ina waige-waige, baƙi na tafe, sai na zuba su a gidan kyauta, na ce ai in an watse na soke. In gaskiya za a faɗa, har da son a gani, don na ji daɗin ganin shafin nan ya cika da sunan garinmu. Da hannuna na rubuta, rubutuna ne, kowa ya duba zai gane.

Na huɗu. Ana gama baje koli aka tura ni rangadin akwati na mako biyu, Rurum da Zurgu da sauran su. Ina dawowa na shiga ɗaki, warin gam ya tare ni tun daga ƙofa. Sabon babban ma'ajin littattafai, wanda ya dawo daga kos a ƙasar waje, ya ga takardu sun tsufa, gefensu ya cinye, ga su a rajista dukiyar kwaleji. Sai ya sa aka shafa musu gam a baya, aka manna kowace a kan kwali mai kauri, aka danne da manyan littattafai, aka buga hatimi a kusurwa. Sun yi kyau, ban musa ba. Sun miƙe sarai kamar an yi musu guga. Na ɗauki guda na ɗaga ta wajen taga, ko ɗigon haske bai wuto ba. Gam ya cike hudojin nan kaf. Na nemi wuri na zauna a ƙasa.

Ba na cewa mutumin nan mugu ne. Yana son takarda fiye da yadda wasu ke son 'ya'yansu, ko shafi ka naɗe sai ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarka. Da na yi masa bayani, ya ce shi ya zaci ƙwari ne suka yi hudojin, har yana mamakin ƙwarin Kibiya da ke cin takarda a kan layi. Na so in yi dariya, kuka ya fi kusa. Amma da na ce to a tsaya haka, a ba ni sauran in mayar, sai ya buɗe rajista ya sa yatsa a kan rubutuna. Ya ce abin da ya shiga gidan kyauta ba ya fita sai da sa hannun Shugaba, kuma aikinsa shi ne ya adana, ba ya rarraba ba. Ya ce a hannun tsoho takardun nan ba za su ƙara shekara biyar ba, a kan kwali kuwa sai su yi ɗari. Na ce masa shekara ɗarin me, tunda ba rigar da za ta sake fitowa daga cikinsu?

Goma sha bakwai aka manna. Ashirin da huɗu suna kabad a kulle, mabuɗi na aljihunsa. Ba wani tausayi ne ya cece su ba, kwali ne ya ƙare. Ya kuma gaya mini da bakinsa cewa ranar da sabo ya zo, ranar za a ci gaba.

Na gwada cetar waɗanda aka manna. Na kara kusurwar guda ɗaya a tururin buta don gam ya saki. Tawadar Malam Inuwa ta gawayi da ƙaro ce, tana jin danshi ta fara narkewa, na janye da sauri. Na bar tabo a gefen zanen tambari, shi ma a rubuta a kaina.

Na biyar. Ko da ba a duba tsohon nan ba, a duba aikin kwaleji. Shekara shida ina lallashin mutane. Farkon zuwana Rurum da akwati, magina cewa suke yi ɗan leƙen haraji ne ya zo, sai da na yi rani biyu ina zama a gindin gini ina miƙa musu ƙasa kafin su bari in kwafi zanen ƙofar zaure. Masaƙan Fammar sai da suka ga na kai musu littafin hotunan saƙar wasu ƙasashe, suka yi ta juya shi suna gardama, sannan suka yanko mini bakin ƙyalle. Yau ɗalibanmu masu koyon aikin malanta da waɗannan suke koyon zane, ba da hoton furen ƙasar sanyi ba kawai. To, Rajab ya raba, har ya kusa ƙarewa. Maɗinka sun tara riguna a zauren Malam Inuwa, wasu sun fara kwashe nasu. Shekaranjiya wani marini a Rano da ya yi mini alkawarin samfurin shuni ya ce, "Malam Isyaku, ba mu hana ba, amma bari Malam Inuwa ya karɓi nasa tukuna." Ko murya bai ɗaga ba. In maganar nan ta tabbata, wallahi ko tsinke ba za a sake ba kwalejin nan ba daga Rano har Kibiya, ko ni ne na je ko wani.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki hutu na zo gida, zama ya gagara. In shiga zaure, in fito, in ɗauki keke in kama hanyar Kibiya, in kai rabi in juyo. Ran kasuwa ta bayan gari nake bi kamar wanda ya yi sata. Mai ɗakina ta ce tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin na bar tuwo a kwano ba sai watan nan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ka sa hannu a buɗe kabad a ba ni ashirin da huɗun nan kafin motar sito ta iso. Layi ɗaya ne da alƙalaminka. In ana tsoron kada in sake wata ɓarna, a haɗa ni da wanda aka yarda da shi ya raka ni har Kibiya.

Goma sha bakwai ɗin ma a mayar masa, ko ba za su yi aiki ba nasa ne. A ba ɗalibai manya izini su kwafe su a takarda marar kauri, su je su zauna a gabansa su huda yana duba musu. Ban san ko zai yarda ba, ban kuma san ko hudar wani za ta yi daidai da tasa ba, amma a gwada. In kwaleji na son ajiye zanen, a roƙe shi a ɗauki hoto, a rubuta sunansa a ƙasa.

A ƙara gida na uku a rajista, na abin da aka ba mu amana, da ranar mayarwa. Rula da alƙalami kawai aikin yake bukata.

In kuwa dole sai an hukunta wani kan rubutun ƙarya a littafin gwamnati, ga ni. A rage mini girma, a mayar da ni sharar ɗaki, a sallame ni, duk na ɗauka. Amma a fara buɗe kabad ɗin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya kare ka daga ranar da za ka riƙe kayan wani ka rasa yadda za ka mayar.

Saura magana ɗaya, ita kuma ba taka ba ce, ka yi mini haƙuri in ara wurin. A rumfar maɗinka ta Kibiya akwai mai karanta musu jarida da ƙarfi duk mako, Malam Inuwa kuwa a nan yake wuni.

Baba, na san kana ji. Ranar da muka haɗu a bakin masallaci ka riƙe hannuna ka ce, "Isyaku, lafiya dai takardun?" na ce maka suna nan lafiya lau, baje kolin ne aka ƙara wa kwana. Ka ce, "To madalla, Allah ya yi maka albarka." Ƙarya na yi maka. Goma sha bakwai sun lalace, har da zanen rigar malum-malum ɗin da ka ce malaminka ne ya fara zana maka shi. Sau huɗu ina kamo hanya in faɗa maka, bakina ya kasa. Washegarin fitowar jaridar nan ina zuwa, ko da gafaka ko ba gafaka. Kada ka sa a shimfiɗa mini tabarma.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isyaku, mai kula da ɗakin littattafan zane,
daga Rano.