Kafin Dabino Ya Fasa

Gure, Janairu 1975

Maigida,

"Kafin dabino ya fasa zan dawo, ko da saniya ɗaya ce a gabana." Haka ka ce a tashar mota, hannunka dafe da kafaɗar mahaifiyarka Ya Kaka. Na sa maganarka gaba da gaisuwa don kada ta nutse a cikinta. To, dabino ya fasa.

Bayan haka ina gaishe ka da kyau. Yaya sanyin Nguru, yaya ƙafar nan mai damunka? Mu muna lafiya, irin lafiyar da ake faɗa wa mai tambaya. Sojoji na raba jar dawa, muna karɓa muna ci. Ya Kaka na gaishe ka. Duk kamyon, babbar motar kaya, da ya tsaya a kasuwa sai ta aike ni in dubo.

Ka san aikin dabino ko da ba ka taɓa yin sa ba. Idan furen mace ya tsage, kwanaki kaɗan gare shi. Sai an hau an cusa masa zaren furen namiji an ɗaure, in ba haka ba 'ya'yan su fito ƙanana, ba ƙwallo ba zaƙi, ko akuya ta shinshina ta wuce. Da can kwarin dabino da lambu da na gada wajen babana abin dariya ne a bakinka, kana cewa mai garke ba ya duƙa wa albasa. Yau garken yana kwance ƙasusuwa tsakanin Alakos da nan, kwarin kaɗai ya rage tsakaninmu da roƙo.

Mai hawa mana shi ne yaron nan, kai kuma ka san inda ka binne shi a hanyar kudu, lokacin da kuke kora ragowar shanun. Ni ban ga wurin ba. Mata suna yabona, wai na riƙe kunyar ɗan fari, ban kira sunansa yana raye ba, ban yi kuka gaban mutane da ya tafi ba. Ba kunya ba ce. Na nemi kukan ne ban same shi ba. Ina tashi, ina daka, ina kwanciya, kamar wadda aka aike ta ta manta saƙon.

Mazan unguwa sun watse, wasu Najeriya wasu Libiya. Wanda ya saura ya ce ba zai hau mana ba sai a raba amfanin biyu da shi. Shingen shanunka yana nan yadda ka bar shi, dangwalin ɗaure maruƙa yana rataye a turke. Ka zo cikin makon nan. Mamadu direba zai kawo maka takardar, kuma akwai wuri a motarsa.

Matarka,
Yabawa

Gure, Yuli 1975

Maigida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da masu masaukinka. Ya Kaka ta yi zazzaɓi da farkon ruwa, ta samu sauƙi, sai dai idon ya ƙara dushewa.

Mamadu ya kawo saƙonka na baki, tunda ba ka ga dama ka sa an rubuta ba. Abu biyu ne: wai labari ya kai Nguru cewa matarka ta hau dabino, na mai da kai abin nuni, kuma kada wanda ya taɓa shingen shanunka. Wata shida ina jiran kalma daga gare ka, ga abin da ya iso.

Gaskiya ne, na hau. Bari in ba ka labarin daidai, kada masu kai maka su rage. Na jira har furen farko ya fara baƙi. Sai na sa wandonka a ƙarƙashin zane, na kwance dangwalinka daga turke, don duk gidan babu igiya mai ƙarfinsa. Na ɗaura shi a ƙuguna, na zagaya shi da kututture. Ya Kaka ce ta zauna a gindi tana ba ni umarni, ita da ba ta ganin tafin hannunta: in juya zaren kansa ƙasa, in karkaɗa, kada in matse ɗaurin. Tana yi tana zagina, wai na yi lakwal, karatun boko, a Damagaram har na koyar da 'yan mata, amma ɗaurin ganye ya gagare ni. Ƙaya ta shiga hannuna, har yanzu yatsa ɗaya ba ya lanƙwasa. Yara sun taru suna waƙa, liman ya aiko a yi mini nasiha. Ban ji kunya ba, ban ji tsoro ba. Daga sama na hangi tuddan rairayi har iyakar gani, na ce a raina ashe abin da yaron nan yake gani ke nan. Na jira zuciyata ta motsa. Shiru. Na gama na sauko.

Ga ƙullin dabino nan wajen Mamadu. Ka ci, ka tofar da ƙwallon a tafinka ka dube shi. Da na tsaya jiranka, da babu shi.

Na kuma san ba fataucin shanu kake yi ba. Gadi kake yi a ƙofar wani ɗan kasuwa, da sanda da fitila. Ban ga aibin gadi ba, na rantse. Na karanta littafin malamai, na karanta na nasara, ban ga inda aka ce neman halali abin kunya ne ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne mutum ya yarda ya tsare ƙofar wani a garin da ba a san shi ba, amma ya kasa ɗaukar guga a garinsu. Ashe ba aikin kake gudu ba, idon mutanen Gure kake gudu. Su kuwa mutanen Gure kowa na fama da cikinsa, ba mai lokacin kallonka.

Shinge ban taɓa shi ba. Takin shekara ashirin yana kwance a ciki, albasata tana ramewa don rashinsa.

Ka huta lafiya.
Yabawa

Gure, Janairu 1976

Maigida,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta ƙafarka. Mamadu ya ce ka rame. Ya Kaka ta daina aikena dubo kamyon. Ta daina ne kawai.

Dabino ya sake fasawa, ban aiko neman ka ba, na hau. Mata uku da mazansu suka yi irin tafiyarka sun zo na koya musu. Yaran da suka yi mini waƙa bara, bana iyayensu ne ke aron dangwalinka. Na haƙa rijiya ta biyu a kwari, na yi bukka, na shuka alkama da rogo. Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki. Amma na lura hannuna ya san abin da zai yi da safe, wannan ma wani abu ne.

Na san me ya sa ka hana a taɓa shingen. Muddin yana tsaye, kai mai shanu ne da ya yi tafiya, yaron nan kuma yana bayan garke bai iso ba tukuna. Ni ma na bar ka da wannan, don ina tsammanin kowa da yadda yake ɗaukar gawarsa. Amma shanun sun mutu, Maigida. Isa ya mutu. Ga shi na rubuta sunan, hannuna bai karye ba.

Na je wajen alƙali. Ya ce in rubuta maka in sa lokaci, shi ya sa wannan takarda. Ba saniya nake nema ba. Ka zo hannu wofi, ka zo da sandar gadinka in ka so. Ka buɗe shingen da hannunka, mu kwashe takin zuwa kwari, ka faɗa mini a gindin wace itaciya ka sa ɗana.

Na ba ka zuwa daren Mauludi. Idan gari ya waye ba ka cikin gidan nan, zan koma wajen alƙali ya warware auren. Daga can zan biya in aro jaki. Ya Kaka ta ce gidan na mijinta ne, takin kuma na shanun da ta ba ka ne, in kwashe. Ita zan fara ɗaukowa zuwa bukkata, sannan takin, sannan itacen shingen, don ina bukatarsa wajen tare rairayi. Dangwali kuwa ya riga ya zama nawa.

Wassalam.
Yabawa, uwar Isa