Hancin Tamim Ya Buɗe

Abu Tamim,

Na fita aiki kana barci, ban so in tashe ka ba. Ka yi haƙuri, gurasarka mai garin ganyen za'atar ta ƙone, sai dai ka sha shayi. Ina guga na manta da ita a tanda, sai ga Tamim ya fito yana yamutsa fuska, ya ce, "Mama, wai meye ke ƙauri haka? Ke kam ba ki iya girki ba." Yaron da tun sanyin bara hancinsa ke toshe, ko turarenka ba ya ji. Na rungume shi har ya ce zan karya shi.

Na kira likita, ta ce kumburin cikin hancinsa ya fara sauka, in muka dage wataƙila ba sai an yi masa aiki ba. In ya dawo daga makaranta ka wanke masa hanci da ruwan gishirin da na tafasa ya huce, yana cikin kwalba a kicin, sannan ka fesa masa maganinsa na hanci. Zai rantse maka ya warke, kar ka yarda.

Sigarinka kuma a baranda, don yanzu ɗanka zai tona ka.

Sawsan