Gogen Malamina Ya Raba Ni da Nawa

Inna Tokie, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Shekarata arba'in da shida, kuma tun ina 'yar biyar nake kaɗa goge, irin mai tsirkiya huɗu da ake tokarewa da haɓa. Da shi nake ci nake sha, a layi na biyu na ƙungiyar makaɗan garinmu. Ban taɓa zama gwana ba, amma ban taɓa ba kowa kunya ba. Yanzu kuwa kullum sai na bayar.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar malamina, Malam Kurahashi. Bayan kwana arba'in da tara, ranar da ake raba wa makusanta kayan mamaci don tunawa, matarsa ta tara mu ɗalibansa. Wani ya samu agogo, wata ta samu littattafai. Ni kuwa sai ta turo mini akwatin gogensa a kan tabarma da hannu biyu, ta ce sunana ya ambata a asibiti, kuma tana so in kaɗa shi a taron cikarsa shekara da rasuwa. Na ƙi sau biyu kamar yadda ya kamata, a na uku na karɓa ina kuka. Ashe kukan bai ma fara ba.

Malam ƙato ne, tafin hannunsa kamar faranti, gogensa ma dogo. Ni gajerun yatsu gare ni, shi da kansa ya zaɓa mini ɗan ƙarami tun ina 'yar sha shida, shi nake riƙe da shi har yau. Bambancin tsawonsu bai wuce faɗin ɗan yatsa ba, amma shi ya hana ni sakat. Da safe in kaɗa nawa a wurin aiki, da yamma in kaɗa nasa a gida. A nasa yatsuna ba sa kaiwa, a nawa kuma sun koyi zarcewa. Hannun da shekara talatin bai taɓa tambayata hanya ba, yanzu sai ya tsaya yana lalube. Horiuchi, wadda muke duba takardar waƙa ɗaya da ita, ta dube ni ran nan ta ce, "Yau kuma wa ya zo mana aiki, ke ce ko marigayi?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Mako bai zagayo ba shugabanmu ya sunkuya mini har ƙasa, ya ce ya mayar da ni layin baya don in ɗan huta.

Ban taɓa komai a jikin gogen ba, Inna. Katakon haɓar da gemunsa ya goge yana nan, ko da yake yana sa mini ciwon wuya. Tsirkiyoyin ma su ne waɗanda ya ɗaura da hannunsa kafin ya kwanta ciwo, wa ni in cire su? Ga bangon gidan hayarmu kamar takarda, dole in maƙala masa ɗan ƙarfen nan mai shaƙe murya saboda maƙwabta. In daidaita shi, in sake daidaitawa, muryar na nan da tsami. Na yanke cewa kunnena ne ya mutu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne na fara tsanar gogen. In na ga akwatin sai in kau da kai. Nawa kuma da na ɗauka sai in ji shi kamar abin wasan yara, shi ma ya fita raina. Matar Malam tana bugo waya duk Lahadi, tana tsokanata wai yaya ɗan riƙona, yana jin magana? In ce mata lafiya lau. Ta aiko mini busassun 'ya'yan itace na bayan gidansu, na kasa ci.

Saura mako huɗu a yi taron. In na mayar mata da shi, na watsa wa mamaci da matarsa ƙasa a ido. In na riƙe, zan tsaya gaban ɗalibansa sama da hamsin in yi abin kunya da sunansa. Ina ji kamar in ajiye duka biyun in bar kiɗa, kowa ya huta.

Mai Gajerun Yatsu, daga Matsue

*

'Yata Mai Gajerun Yatsu,

Ni ba makaɗiya ba ce, don haka na rufe sunan garinki na karanta wa wani tsoho mai gyaran goge a unguwarmu wasiƙarki. Bai bari na kai ƙarshe ba ya tambaye ni tun yaushe tsirkiyoyin nan suke ɗaure. Na lissafa da jinyar malaminki, sun haura shekara. Ya ce tsirkiya 'yan watanni take yi ta mutu, kuma wadda ta mutu ko malaminki ne ya dawo ba zai daidaita ta ba. To kin ji, kunnenki na nan da ransa. Shi ne ma yake ta gaya miki gaskiya kina ƙaryata shi.

Amma ba zan ruɗe ki ba. Bambancin tsawon nan gaskiya ne, kuma hannu a shekarunki yana koyo a hankali. Mai yiwuwa layinki na da ba zai dawo bana ba. Matar Malam da ƙauna ta ba ki, sai dai ta ɗora miki nauyin da ba ta san girmansa ba. Ke kuma kin karɓi kayan aiki kin mai da shi kabari, kina ta share-share kina tsoron taɓawa.

Gobe ki kai shi wurin mai gyara, ya sa sababbin tsirkiyoyi da katakon haɓa daidai wuyanki. Ki rufe naki tsawon makonnin nan huɗu, ki tafi da na Malam har wurin aiki, inda za ki cire masa ƙarfen nan ki ji ainihin muryarsa. Game da bayan taron kuwa, tsohon ya ce masu goge biyu ba sa cafka su hau waƙa, sai sun bi hawa da saukar murya a hankali har yatsu su gane inda suke. Ki riƙa yin haka duk sanda kika canza.

Tsofaffin tsirkiyoyin kuwa kada ki yar. Mu da a al'adarmu muke kai karyayyun alluran ɗinki haikali a yi musu sallama, ba za mu rasa yadda za mu yi da tsirkiya huɗu ba. Ki naɗe su a farar takarda, ki kai wa matarsa ta ajiye gaban hotonsa inda take kunna masa turare. Su ya taɓa na ƙarshe, wurinta ya kamata su zauna. A zaman nan ki gaya mata duk abin da kika gaya mini, har da tsanar.

Ranar taron gogen ba zai yi irin muryar da yake yi a hannun mijinta ba. Za ta ji haka tun daga jan farko, za ta yi kuka, ke ma za ki yi, kuma babu abin da zan rubuta da zai hana. Malaminki ya fi kowa sanin tsawon yatsunki, shi ya auna su kina 'yar sha shida, kuma duk da haka sunanki ya kira. Ina miki fatan hannu ya faɗa, zuciya ta yi sanyi.

Taki,
Inna Tokie