Rabin Hantar Justina

Talata, 7 ga Mayu, 2024

Sakamakon gwajin ɗan'uwana Uthman ya fito. Shi ma yana da ita. Ke nan mu biyar ɗin da Hajiya ta haifa duk da cutar hantar nan muka zo duniya, tawa ce kawai ta riga ta kowa lalacewa. Dokta Clara ta ce ba a yankar hantar mai ɗauke da cutar a dasa wa wani, ko da lafiyarsa ƙalau yake yawo. Matata Nabilah kuwa jininmu bai zo ɗaya ba, tun watan jiya ta gama kukanta. Asibitin da ake tura mutane a Indiya kuma ba ya karɓar bare, sai ɗan'uwa na jini ko matar aure. Uthman ne na ƙarshe.

Na fito na tarar da Zacharias a kan bencinmu yana cin ayaba. Tsohon direban wani babba ne a Maitama, tun bara muke bin layin asibiti na Talata tare. Cikinmu ya kumbura iri ɗaya, idonmu ya yi rawaya iri ɗaya. Bambancin kawai, shi da hannunsa ya sayo nasa ciwon, kwalba-kwalba. Ni ko a biki ban taɓa zama kusa da mai sha ba. Amma shi ne mai Justina.

Juma'a, 10 ga Mayu

Justina ƙanwarsa ce, tela ce a Kuchigoro, 'ya'yanta biyu ƙanana. An gwada ta, komai ya yi daidai. Ogansa ya ce zai ɗauki nauyin tafiyar. Sharaɗi ɗaya tal aka gindaya masa: wata shida cur ba ɗigon giya, ana ɗibar jininsa ba sanarwa, yana kuma zuwa zaman masu ba da shawara. Idan ya kuskure, lissafi ya koma farko. Ya ci wata huɗu.

Wai wannan shi ne wahalarsa. Kar ya sha! A ce min kar in sha ruwa ma na wata shida, wallahi zan gwada.

Talata, 21 ga Mayu

Justina ta zo masa da fate a kula, ba gishiri. Tana zuba masa tana faɗa: "Yaya, ka cinye, ba na son wasa." Ta zuba min ni ma. Na ce na ƙoshi, alhali ƙamshin har cikin raina.

Da na koma gida Nabilah ta kawo min nata faten. Na ce ya yi salam. Ta ce ai likita ne ya hana gishiri. Na ce na sani, wasu ma ba sa sa gishirin amma nasu na da daɗi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauke kwanon. Me ta yi min? Ita ta zaɓi jininta?

Talata, 28 ga Mayu

Yau nas-nas suka yi masa tafi, wai ya kusa wata biyar. Har da wata mai cewa "Well done, Baba Zak!" Ni shekara arba'in da huɗu ban sha ba, ba wanda ya taɓa tafa min. Na tafa dai, sau biyu, don kar a gane.

Astagfirullah. Hassada ce, na san sunanta.

Asabar, 1 ga Yuni

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, da digirina biyu. Na je tashar Utako wurin mai maganin gargajiya. Zacharias ne ya taɓa kwatanta min ita, ya ce saiwoyinta na rage kumburin ciki. Na ajiye mota nesa, na cire katin ma'aikata daga wuyana kamar ɓarawo.

Tana zaune bayan kwalabe cike da ɓawon itace. Ta kalli idona ta ce, "Oga, liver ne ko? Na ruwa ko na zafi?"

Na ce mene ne na zafi. Ta yi dariya ta nuna min jarka. Ogogoro, giyar nan mai ƙarfi. Wai shi ya fi jan ƙarfin saiwa. Na ce a'uzubillahi, na ruwa. Tana ɗurawa ta tambayi wanda ya turo ni, na kwatanta shi.

"Ah, dogo ɗin nan! Customer na ne. Da na ruwa yake sha, amma sati biyu yanzu na zafi yake so."

Na baro maganin a wurin. Abin kunyar, ina tuƙi na kama kaina ina murmushi.

Lahadi, 2 ga Yuni

Lambar Dokta Clara tana wayata. Na buɗe na rufe, na buɗe na rufe.

Talata, 4 ga Yuni

Ba a ɗebi jininsa ba yau. Sa'a dai, kullum sa'a! Ya zauna kusa da ni yana tauna citta da kanumfari, yanzu na gane dalili.

Na yi ta gina wa kaina hujja. Matar nan za a tsaga mata ciki, a yanke rabin hantarta a sa wa mutumin da ke jiƙa tasa da ogogoro. In na yi shiru na ci amanarta. Gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. To amma me ya sa duk lokacin da na hango shi an ce masa "ka koma farko" sai in ji sanyi a ƙirjina? Ko an hana shi, ba ni za a ba. Hantar ba za ta taho gidana a tasi ba. Duk da haka so nake mu zama daidai, mu biyu a kan benci ba mai Justina.

Alhamis, 6 ga Yuni

An zuƙe min ruwa a ciki. Daraktan ofishinmu ya turo saƙon sannu, da tambayar ina na ajiye fayil.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya aka yi Sallah. Ragon da na yanka ko tsoka ban ci ba. Na ƙulla nama na nufi Kuchigoro, na ce wa Nabilah zumunci zan yi. Niyyata in faɗa wa Justina. Ita ce mai haƙƙi, ba likita ba, haka na tsara.

Na same ta a kan keke tana ɗinka wa kanta riguna masu faɗi, wai don kar su matse mata ɗinkin tiyata. Ta ɗauko fasfo ta nuna min, sabo fil, tana dariya wai hoton ya mai da ita tsohuwa. Ƙaramar 'yarta, Glory, tana riƙe da zanenta. Na fasa faɗa mata. Na ce barka da Sallah, ta ce ai ita ya kamata ta ce min.

Zacharias ya rako ni mota. Nan na kasa riƙewa. Na ce masa na je Utako, na ga jarkar.

Na zaci zai rantse. Sai ya jingina da mota ya ce, "Ka faɗa musu, Oga Badaru. Please. Ni na kasa."

Na ce me?

Ya ce tun ranar da likita ta zaunar da su ta karanta wa Justina haɗarin aikin, cewa mai bayarwa ma yana iya tafiya, bai ƙara samun natsuwa ba. Ya roƙe ta ta fasa, ta ce sai dai ya nemi wata ƙanwar. "Ni na kashe kaina, sai in ja uwar yara biyu? In test ya kama ni, za su cancel. Za ta zage ni, amma tana da rai." Wai jira yake a ɗebi jinin, su kuma sun ƙi ɗiba.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Na ce masa kai ɗan rainin wayo ne! Ni na bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman aro, kowa ya miƙa hannu aka ce a'a. Matata ta yi kuka don an hana a yanka ta. Kai an kawo maka rai har gida kana turewa da ƙafa, kuma kana so ni in zama wuƙar? Na ce tun da na san ka nake jin haushinka, ko ayaba kake ci haushi nake ji. Na faɗa masa duka, a bakin titi, masu okada suna kallo.

Ya ce, "Na sani ai. Ko tafi ba ka iya yi min da kyau."

Laraba, 19 ga Yuni

Ban kira kowa ba. Sai Zacharias. Na ce ba zan kai ƙararsa ba, ba kuma zan rufa masa ba. Da bakinsa zai faɗa, a gaban Justina, har da dalilin. Yarinyar nan ba jaririya ba ce da zai yanke mata hukunci a bayan kwalba. In ya ƙi, zan zo in ɗauke shi ko da a but ɗin mota ne.

Talata, 25 ga Yuni

Ya faɗa. Ina waje, amma muryar Justina ta ratso ƙofa: "Hantata ce ko taka? Wa ya tambaye ka?" Daga nan sai kuka, ban san na wa ba.

Dokta Clara ta kira ni ciki. Lissafi ya koma farko, ba sassauci, ta ce dokar ba don azaba aka yi ta ba, don Justina aka yi ta. Sai Disamba, in jikinsa ya kai. Ta ce da jini ne ya tona shi, da wuya ta sake rubuta masa takarda. Tunda shi ya kawo kansa, za ta tsaya masa. Amma tana son wani wanda ba ɗan gida ba, mai ganinsa kullum, wanda ba zai ji kunyar kai ƙararsa ba.

Dukansu suka juyo suna kallona. Na ce ni fa ba son shi nake ba. Ta ce shi ya sa.

Abin da na yi ta fata ya faru, mun koma daidai a kan benci. Na laluba sanyin nan a ƙirjina ban same shi ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Kullum bayan la'asar ina Kuchigoro, lokacin ne ƙishin yake taso masa. Muna buga ludo kamar yara, yana cuta kuma. Man mota kawai nake ƙonawa. Har yanzu in Justina ta ce "Yaya" sai na ji abu ya soke ni.

Juma'a, 12 ga Yuli

Sakamakona bai yi kyau ba. Dokta ta yi ta zaɓen kalmomi, na ce ta bari, na gane. Nabilah na faɗa wa a mota, ta riƙe hannuna har gida.

Na Zacharias ya fito tas. Ya kira ni yana ihu kamar wanda ya ci zaɓe, na ce to sai me, saura wata biyar da rabi, malam.

Bayan an idar da Juma'a na zauna na ɗaga hannu, yau kam da abin roƙo na zo. Sai na ji bakina ya fara da Allah ka kai Zacharias Disamba, ka tashi Justina lafiya. Kuskure ne, tawa na yi niyyar farawa da ita. Ban dai gyara ba.