Ragon Suna a Kaset

Gusau, daren Laraba, 1998

Raina a ɓace yake. Yau na kai wa Alhaji kaset ɗin sunan ɗansa da na ɗauka a Tsafe. Na sha wahala wurin ɗaukar manyan baƙi, kyamara tsaye cak, amma mutanen gidan hira suka kama, har da masu hamma. Da aka zo inda ragon suna ya tsinke ina binsa hoto na rawa, wurin da na so gogewa don kunya, sai gida ya kaure da shewa, ana ta maido shi baya.

Da zan tafi Alhaji ya ce, "Malam, akwai suna gidan ƙanena a Bungudu. Ka ƙyale baƙin nan, ka tsaya kusa da ragon."