Ƙarar Da Ka Kawo Min

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Inna? Ka ce mata lafiyata lau.

Injin ɗakin sanyi na kantin da nake aiki ya ƙone, nama ya ruɓe, dauɗa ta shiga har cikin bututu. Ni aka bar wa wankin. Maganin wankin ya ɗan tsattsaga min hannu, amma ba wani abu ba ne. A turo min man shafawa irin na Inna.

Ka ce 'yata ta dame ka, ba ta barci sai a ƙirjinka, duk ta jiƙa ka da gumi. Sannu da wahala, malam. Ni a nan kwalin kifi mai ƙanƙara nake runguma. Allah ya saka maka da alheri, amma kada ka ƙara kawo min wannan ƙarar.

Yayanka.